Kiwon Awaki a Gidan Karkara da Yadda Ake Shawo Kan Ɓarnarsu

Akuya ita ce dabbar da aka fi samu a gidajen karkara na ƙasar Hausa, kuma ita ce aka fi kai ƙara a kanta. Tana da sauƙin kuɗi, tana jure fari, tana haihuwa da wuri, sau da yawa tagwaye, sannan mace ko yaro na iya riƙe ta ba tare da mallakar gona ba. Shi ya sa a gidaje da yawa awakin na mata ne. Da su ake haɗa kayan ɗakin 'ya, da su ake biyan kuɗin magani, da su ake auno hatsi idan rumbu ya yi ƙasa. Amma ita ce kuma mai haye katanga, ta ture faifai, ta cinye shanya, ta tauna littafin yaro, ta faɗa garkar maƙwabci. Duk wannan ɓarnar tana da tushe a halittar dabbar, kuma mai kiwon da ya san tushen yakan tsara gidansa yadda ɓarnar za ta ragu ba tare da ya riƙa bin dabba da sanda ba.

Halin akuya

An fara kiwon akuya kimanin shekara 10,000 da suka wuce a yankin tsaunukan Zagros, wajen ƙasar Iran ta yau, daga wata akuyar daji mai rayuwa a kan duwatsu. Hawa gadonta ne. Turmi, buhu, tulin itace, rufin akurki, duk abin da ya ɗara ƙasa tudu, sai ta hau shi, daga nan kuma ta hango na gaba.

Cinta ma ya bambanta da na tunkiya da saniya. Su kai ƙasa suke kiwo, suna bin ciyawa. Akuya kai sama take yi: ganye, tofo, fure, 'ya'yan itace da ɓawonsa. Leɓenta na sama yana motsi sosai, har tana iya tsince ganyen bagaruwa ɗaya bayan ɗaya a tsakanin ƙaya, kuma tana miƙewa a kan ƙafafun baya ta kamo reshe. Da baki take binciken duk abin da ba ta sani ba, dalilin da ya sa takan ja zanen da aka shanya ko ta tauna igiya. Tare da haka tana da ƙyanƙyami. Abincin da aka tattaka ko ya taɓa kashi ba ta ci, ko da yunwa take ji.

Tana kuma da riƙon abu. A shekarar 2014 masu bincike a Jami'ar Queen Mary ta Landan sun koya wa awaki buɗe wani akwati mai abinci, wanda sai an jawo wani mariƙi sannan a ɗaga shi, kuma bayan wata 10 awakin ba su manta ba. Ma'anar wannan ga mai kiwo ita ce akuyar da ta taɓa samun gero a wani ɗaki za ta riƙa komawa, wadda ta gano yadda ake ture ƙyaure ba za ta daina ba, kuma sauran za su bi ta. Hana ɓarnar farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan raba ta da abin da ta riga ta saba.

Abu na ƙarshe, dabbar garke ce. Akuya ɗaya tilo takan yini tana kuka, ta bi mutane har cikin ɗaki. Biyu sun fi ɗaya sauƙin riƙo.

Zaɓe da saye

Jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato a Najeriya, ta Maraɗi a Nijar, ita ta fi dacewa da zaman gida. Matsakaiciya ce, tana yawan yin tagwaye, tana da nonon da zai ishi 'ya'yanta, kuma fatarta ce wadda fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Doguwar akuyar Sahel, mai dogayen ƙafafu, ta fi son tafiya mai nisa, tsalle ba ya yi mata wuya, kuma laimar damina tana wahalar da ita idan aka yi kudu da ita. Gajerun awakin kudu sun fi jure laima, amma ƙaramar kafa ta ishe su kurɗawa.

Ana gane shekaru ta haƙora. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, a ƙasa kuma guda 8 ne. Takan yi famfarar biyun tsakiya tana da shekara 1 ko ɗan fiye, manya su fito, daga nan biyu-biyu har baki ya cika wajen shekara 4. Wadda ke da manya 2 ko 4 ita ce ta saye. A duba hantsa, kada ta zama da kulu ko nono ɗaya ya mutu. A duba ido da hanci, a ɗaga wutsiya a ga ko akwai alamar zawo.

Saye a hannun maƙwabci, inda aka san uwar dabbar da halinta, ya fi saye a manyan kasuwanni irin su Maigatari, Wudil ko Illela, inda dabbobi daga wurare daban-daban ke cuɗanya. Duk wadda aka kawo daga kasuwa a ware ta kamar mako 3 kafin ta haɗu da na gida, da kwanon ruwanta daban. Annoba da yawa ta wannan hanyar take shiga gida.

Yawan awakin kuma a auna shi da harawar da gidan zai iya tanada, domin a bazara ake gane ko an yi zari. Uwaye 3 zuwa 5 sun ishi ƙaramin gida.

Makwanci da shinge

Akuya ba ta son ruwan sama, ba ta son kwana a laima. Tana buƙatar rumfa mai rufi, wadda ta ba gabas baya, tunda ta can hadari da iskar hunturu suka fi bugowa. Kowace babba a ba ta kamar murabba'in mita 1.5. A ɗaga ƙasan da yashi ko burji yadda ruwa ba zai kwanta ba, a bar iska tana ratsawa ta sama, domin zarnin fitsari a rufaffen ɗaki yana jawo ciwon huhu. A share kashi a kai a kai, musamman da damina.

Yana da kyau a sa musu abin hawa na kansu: tsohon turmi, kututture, ko benci na katako. Suna son kwanciya a tudu, yana raba su da laima, kuma yana rage musu neman abin hawa a tsakar gida. Sai dai a ajiye shi a tsakiyar garke. Idan yana jikin katanga ya zama matakala.

Shinge shi ne inda aka fi yin asara. Dangar kara da zana abinci ne a wurin akuya; tana zare su sili-sili har ta yi kafa. Katangar ƙasa tana tsare ta, amma takan goga jiki da ita, ta lashe gishirin da ke fitowa, har gindin ya zaizaye, don haka a riƙa yaɓe kafin damina. Wayar raga tana da kyau idan idonta ƙanana ne. Mai manyan ido takan kama ƙaho, dabba ta yini a maƙale cikin rana. Waya mai ƙaya kuwa tana yaga hantsa, tana ɓata fata. Tsawon shinge kada ya gaza mita 1.2, na bunsuru 1.5, kuma a lura da ƙasansa, domin awaki sun fi fita ta ƙasa da kusurwa a kan su tsallake ta sama. Ƙyauren garke ya riƙa buɗewa ta ciki, yadda idan suka tura shi sai ya ƙara rufuwa, sakata kuma a sa ta ta waje, inda baki ba ya kaiwa.

Don kare garka ko gona ta kusa da gida, shingen aguwa ko na bini-da-zugu yana aiki, saboda dabbobi ba sa cin su, amma sai an toshe tsakaninsu da ƙaya. Dashen mangwaro, gwaiba ko zogale a tsakar gida ba ya rayuwa sai an kewaye shi da bulo ko raga har ya fi ƙarfin akuya. Ko ya girma, idan ta ɓare ɓawonsa ta zagaye gindin, itacen ya mutu.

Turke da talala

Inda babu shinge, ɗauri ake yi, kuma a nan ne sakaci ke kashe dabba. Kada a yi wa akuya zarge a wuya. A yi ƙulli wanda ba ya ƙara matsewa, a bar sarari kamar na yatsu biyu, a riƙa dubawa ga masu tasowa domin wuya yana kauri igiya na nan yadda take. Masu ɗauri a ƙafa su riƙa sauya ƙafar. Turaku biyu su yi nisan da igiyoyinsu ba za su sarƙe ba. Kada a kafa turke kusa da katanga, rami ko rijiya: akuyar da ta tsallake katanga da igiya a wuya takan rataye kanta cikin 'yan mintoci. Mai talala a bakin gona ya tuna inuwa tana tafiya, wurin da ke da sanyi da hantsi rana ce tsaka da azahar. A riƙa sauya wurin talalar, domin tsayawa wuri guda yana tara tsutsar ciki.

Damina, rani da haƙƙin maƙwabci

A ƙauyukan noma, da an yi shuka ake sanar da a kama dabbobi, ba a sake su sai an kawar da amfanin gona. Wasu garuruwan suna da makiyayin gari mai tattara awakin unguwa da safe ya dawo da su da yamma, ana biyansa. Watannin nan na ɗauri su ne mafi wuya: ciyawa ta cika daji amma dabba tana rama a turke idan babu mai yanko mata. Akuyar ɗaure kuwa in ta samu sake, gonar da ta fara tararwa ita za ta sha wahala. A raba aikin yankan ciyawa tsakanin yaran gida safe da yamma, a bar ciyawar ta ɗan sha iska kafin a ba su.

Sakin rani ma yanzu ba kamar da ba ne, saboda noman rani ya yawaita a fadamu da bakin madatsun ruwa. A fiƙihu, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik game da taguwar Bara'u ɗan Azib, tsaron gona da rana yana kan mai ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan mai dabbobin. A aikace, al'adar gari da umarnin dagaci ko mai unguwa su ake bi wajen ƙiyasta ɓarna. Abin da ya fi dacewa shi ne mai akuya ya riga zuwa wurin mai gona, ya ga ɓarnar da idonsa, ya nemi sulhu. Kuɗin 'yan kunya biyu na wake ba su kai zumuncin maƙwabtaka ba, kuma inda aka bar irin wannan ta yi tsami, dabbar ce kan dawo gida da karyayyar ƙafa.

Ciyarwa

Akuyar da ta ƙoshi ɓarnarta kaɗan ce. Babba tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta a yini, wato mai kilo 25 tana buƙatar kusan kilo 1. Ginshiƙin abincin rani shi ne harawar wake da ta gyaɗa. A yanke ta da sauran kore kafin ganye ya kakkaɓe, a ɗaure dami-dami, a ɗora a kan rumfa ko reshen itace inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Sai kowar wake, ƙaiƙayi, ganyen dawa da dusa. Karan dawa zalla cika ciki ne kawai.

Itatuwa suna da babban matsayi a nan. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, kuma 'ya'yansa suna faɗowa daidai lokacin da abinci ya yi wuya. Mai gawo a gonarsa ya tara su a buhu. Ganyen magarya, aduwa, kalgo, marke da ceɗiya duk awaki suna so. A sassabo reshe kaɗan daga kowane itace, kada a yi masa aski.

Yadda ake ba da abincin yana da muhimmanci kamar abincin kansa. A rataye harawa da ganye daidai kan dabba ko sama kaɗan. Wanda aka zube a ƙasa rabinsa asara ne. Dusa a komi, a raba wuri biyu ko uku, domin a kowane garke akwai uwar da ke tunkuɗe saura, mai ciki da ƙarama su tashi da yunwa. Dusar ta fi amfani ga mai ciki a makonni 6 na ƙarshe da mai shayarwa. Ruwa mai tsabta lita 2 zuwa 4 a yini, fiye da haka ga mai shayarwa a bazara. Ƙasari yana da kyau idan sabo ne. A ajiye musu kanwa ko gishirin lasa a inda ruwa ba ya taɓawa. Yana rage musu lasar bango da cin tsumma.

Abubuwan da ke kashe akuya a cikin gida

Ɓarnar da ta fi tsada ita ce wadda akuya ke yi wa kanta. Ta farko ita ce cin tsaba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu masu narkar da ciyawa. Idan ta samu buhun gero, masara ko garin tuwo ta ci da yawa a lokaci ɗaya, sai abin ya yi tsami a ciki, ya kashe waɗannan halittun, tsamin ya shiga jini. Cikin yini ɗaya za a ga ta daina tuƙa, cikinta ya kumbura ta hagu, tana zawo, tana tangaɗi. A janye duk wani hatsi da dusa, a ba ta busasshiyar ciyawa, a jiƙa 'yar kanwa a ɗura mata, kada a bar ta ta ɗirki ruwa mai yawa a tashi ɗaya, a nemo malamin dabbobi da gaggawa. Wajen ɗura, kada a ɗaga kanta sama sosai ko a ja harshenta, domin ruwan na iya bi ta huhu. Maganin gaskiya dai shi ne ɗakin hatsi mai sakata, da shanya a kan rufi ko wurin da aka kewaye.

Ta biyu leda. Akuya na haɗiye ta saboda ɗanɗanon mai ko gishirin da ke jiki, ba ta narkewa, tana taruwa tana cuɗewa a tumbi. Dabba ta riƙa ramewa ga ƙaton ciki, magani ba ya yi mata komai, sai fiɗa ko yanka. Mahauta sun san yawan abin da suke cirowa. Tsince leda a tsakar gida da bayan gida aikin kowace rana ne.

Sai takin zamani, musamman yuriya, wanda takan lasa kamar gishiri ya kashe ta cikin ɗan lokaci; da maganin feshi, maganin ɓera da na adana wake. Duk a kulle su. Cikin tsirrai a kiyayi gyauron dawa, wato tofon da ke fitowa bayan girbi ko wanda fari ya tsumburar, da ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci sai an shanya shi ya bushe, da 'ya'yan zurma, da duman rafi wanda dabba mai yunwa kan ci ya sa ta makyarkyata.

Ɗan lele da bunsuru

Ɗan akuyar da uwarsa ta mutu aka raine shi a hannu yakan zama ɗan gida: yana bin yara, yana kwana a bakin ƙofa. Babu laifi a cikin wannan shaƙuwa, dabbar da ta saba da hannu ta fi sauƙin magani da yankan kofato. Amma shi ne kan zama mafi ɓarna, saboda ba ya tsoron kowa. Tun yana ƙarami a hana shi shiga ɗaki da madafa, a riƙa ba shi abinci a garke kaɗai, a mayar da shi cikin 'yan'uwansa da wuri. Yara su daina wasan tura masa goshi; abin dariya ne yana wata 2, amma tunkuyi ake koya masa, kuma yana shekara 2 zai iya kayar da yaro ko tsohuwa.

Tsawa ko watsa ruwa a fuska a daidai lokacin da yake ɓarnar yana aiki. Dukan da aka yi bayan an gama ba ya koya wa dabba komai, sai tsoron mai ita, ga haɗarin karaya da ɓari. Abin da ya fi tasiri shi ne sabo: idan kullum da la'asar sakaliya ana kira da murya iri ɗaya ana ba da 'yar dusa, awaki da kansu za su riƙa dawowa gida, uwar garke a gaba.

Bunsuru ɗaya ya ishi awaki 20 zuwa 30, don haka ƙaramin gida ba dole ne ya riƙe nasa ba. Shi ne mai wari, mai fasa shinge, mai kwana a waje. 'Yan bunsuran da ba a so don iri a dandaƙe su kafin wata 3, a hannun wanda ya iya, domin daga wata 4 ko 5 suna iya yi wa uwa ko 'yar'uwa barbara. Taure ya fi natsuwa, ya fi ƙiba. Sai dai taure ko ragon da ake turkawa da dusa zalla yakan kamu da tsakuwar mafitsara, a gan shi yana nishi fitsari ba ya fita. Yawan ruwa da harawa suna kare wannan. Inda ake riƙe bunsuru, a musanya shi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.

Ciki da haihuwa

Akuya na neman bunsuru kusan duk kwana 21, na yini ɗaya zuwa biyu: tana kuka, tana kaɗa wutsiya, tana neman fita. Yawancin tsallake shinge na mata a wannan lokacin ne. Ciki kwana 150 ne, wata 5. Jar akuya na iya ɗaukar ciki tun tana wata 6, amma hakan na tsumburar da ita. A bari ta kai wata 10 zuwa shekara. Da kulawa mai kyau ana samun haihuwa 3 a shekara 2.

Idan haihuwa ta kusa, hantsa na cika, ta ware kanta. A ba ta wuri busasshe. Galibi ba ta buƙatar taimako, amma idan ta yi kusan awa 1 tana yunƙuri mai ƙarfi babu abin da ya fito, a kira wanda ya sani. A share wa ɗan hanci, a shafa aidin a cibiya, a tabbata ya sha dakashi cikin awannin farko, domin a cikinsa kariyar jikinsa take. Na uku a 'yan uku da ƙaramin tagwaye a riƙa kama uwar suna sha. Ana yaye su a wata 3.

Lafiya

Babbar annobar awaki da tumaki ita ce PPR, wadda aka fara bayyanawa a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. Alamunta zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambon baki, zawo mai wari da tari, kuma tana iya share garke. Ba ta da magani, amma rigakafinta yana da ƙarfi: allura ɗaya na karewa shekara 3 ko fiye. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wannan allurar, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan kawar da cutar. A yi wa duk wanda ya wuce wata 3 ko 4.

Ta biyu tsutsar ciki mai shan jini, wadda ke yawaita da damina. A janye fatar ido ta ƙasa a duba: ja alamar lafiya ce, fari alamar jini ya ƙare, wani lokaci har da kumburi a ƙarƙashin haɓa. Ana ba da magani a farkon damina da ƙarshenta, da duk lokacin da aka ga alama. Awon maganin akuya ya bambanta da na tunkiya, kuma albendazol ba a ba mai sabon ciki, don haka malamin dabbobi ne zai faɗi adadi. Ƙazuwa, ƙuma da kaska ana maganinsu tare da share makwanci. Kofaton dabbar da ke ɗaure yana tsawo ya lanƙwashe, a riƙa datse shi da wuƙa mai kaifi.

Wasu cututtukan suna kama mutum. Akuyar da ta yi ɓari a ware ta, a binne abin da ya fito ba da hannu tsirara ba, mace mai ciki kada ta taɓa. Nono a tafasa shi. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

Zama da sauran dabbobi

Tumaki suna zama da awaki lafiya, amma wajen ci akuya na fin ƙarfinsu, sai a raba musu komi. Rago da bunsuru kada a haɗa su wuri ɗaya: bunsuru yana miƙewa tsaye kafin ya kai karo, rago kuwa da gudu yake zuwa kai ƙasa, ya same shi a ciki.

Kaji suna amfanar garke, suna tsince kaska da tsutsar ƙuda a cikin taki. Matsala biyu ce: akuya na fasa akurki don cin tsabar kaji, kaji kuma suna hawa komi su yi kashi a abincin awaki. Ƙofar akurki ta zama daidai jikin kaza, a kife komi bayan an gama ci.   Agwagi suna dama ruwan sha, a ɗora na awaki a kan dutse ko bulo.

Jaki yakan ciji ɗan akuya ko ya harbe shi, don haka turkensa daban. Karen da ya tashi tare da awaki tun yana ɗan kwikwiyo yana tsaron su daga ɓarayi da karnukan waje. A yi masa allurar haukan kare, kuma kada a jefa masa ɗanyen kan akuya ko na tunkiya, domin ta nan wata tsutsa ke zagayowa ta shiga ƙwaƙwalwar dabbobi, a ga tunkiya tana juyi wuri ɗaya. Kyanwa na maganin ɓera a rumbu, amma kashinta a cikin dusa na iya sa awaki ɓari, sai a rufe mazubin dusa.

Taki da rage garke

Kashin awaki, da ragowar harawa da tokar murhu, a tara su wuri guda nesa da rijiya, a kai gona da jaki ko amalanke kafin saukar ruwa. A karkarar Kano, inda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, wannan takin yana cikin abin da ke riƙe ƙasa.

Rage garke kuma a yi shi da kaka ko gab da Sallah, lokacin da dabbobi ke da jiki kuma kasuwa na da kyau, kada a jira bazara ta tilasta. Waɗanda za a fara fitarwa su ne tauraye, tsofaffin da haƙoransu suka zube, wadda ta yi ɓari fiye da sau ɗaya, da wadda ba ta shayar da 'ya'yanta. A haɗa da akuyar da ta riga ta ƙware a tsallake shinge duk da an gyara shi kuma tana ƙoshi, domin ƙananan da ke tasowa ita suke bi.